Donald Davies: Ɗan Wales da ya koya wa kwamfutoci aika saƙo gunduwa-gunduwa

Duk lokacin da ka tura saƙon murya ta WhatsApp ko ka ɗora hoto a Facebook, abin da ka tura ba ya tafiya a dunƙule. Wayarka tana yanka shi gunduwa-gunduwa, ta liƙa wa kowane yanki adireshin inda za shi da lambar da ke nuna gurbinsa, sannan ta sake su a hanya. Na'urar da ke can ɗaya ɓangaren ita ke sake jera su yadda suke tun farko.

Wannan dabara ita ce ginshiƙin intanet baki ɗaya, kuma da ita ake fara koyar da ɗaliban da ke karatun sadarwar kwamfuta a jami'o'i. Mutumin da ya raɗa mata suna, ya kuma tsara yadda za ta yi aiki tsakanin kwamfutoci, wani ma'aikacin gwamnatin Birtaniya ne mai suna Donald Watts Davies. Ƙasarsa ba ta ba shi kuɗin gina abin da ya tsara ba. Amurka ce ta gina, shi ya sa har yau mutane da yawa ke ɗauka cewa daga can komai ya faro.

Maraya daga garin masu haƙar kwal

An haifi Davies a ranar 7 ga Yunin 1924 a Treorchy, wani ƙaramin gari na masu haƙar kwal a yankin Wales na Birtaniya. Mahaifinsa akawu ne a wata mahaƙar kwal, kuma ya rasu watanni kaɗan bayan haihuwar Donald da 'yar uwarsa, domin tagwaye ne. Sai mahaifiyarsu ta kwashe su ta koma garinsu, Portsmouth, a kudancin Ingila. A can ya tashi, a can ya yi makaranta.

Yana da shekara 19 ya kammala digiri a fannin Fiziks a Kwalejin Imperial da ke Landan, a 1943, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu. Daga nan aka tura shi Jami'ar Birmingham, cikin shirin sirri na Birtaniya na ƙera makamin nukiliya. Wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa shi ne Klaus Fuchs, Bajamushen masanin da aka ɗaure a 1950 bayan an gano yana kwasar sirrin makamin yana miƙa wa Tarayyar Sobiyet.

Bayan yaƙi Davies ya koma Imperial ya ƙara wani digirin a fannin lissafi, ya fita da sakamako mafi daraja a 1947.

A wannan shekarar ya kama aiki a Cibiyar Binciken Kimiyya ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NPL, a Teddington da ke gefen Landan. A nan zai shafe kusan shekara 37. Abin da ya ja shi can shi ne aikin Alan Turing, wanda a lokacin yake tsara wata kwamfuta mai suna ACE. Sabon ma'aikacin ya zauna ya karanta fitacciyar maƙalar Turing ta 1936 layi-layi, ya tsamo kurakurai a cikinta, ya kuma kai wa mai ita. Turing bai ji daɗin hakan ba. Wannan hali na bin diddigin rubutu ba tare da jin nauyin sunan wanda ya rubuta ba, bai rabu da Davies ba har ƙarshen rayuwarsa.

Turing ya bar cibiyar ba da jimawa ba, amma waɗanda suka rage, ciki har da Davies, sun ƙera ƙaramin samfurin na'urar, Pilot ACE, wadda ta fara aiki a watan Mayun 1950. Tana cikin kwamfutocin farko a duniya. Daga baya ya yi aiki a kan kwaikwayon zirga-zirgar motoci da kwamfuta, da kuma fassara daga Rashanci zuwa Ingilishi da na'ura. A 1955 ya auri Diane Burton, suka haifi 'ya'ya uku.

Abin da ya gani a Amurka

A 1965 Davies ya ziyarci Amurka, ya je jami'ar MIT. A zamanin kwamfuta guda kan cika ɗaki, kuma tsadarta ta fi ƙarfin yawancin ma'aikatu. Masana a MIT sun samo hanyar da mutane da dama za su yi amfani da kwamfuta ɗaya lokaci guda. Kowa na zaune gaban wata na'ura mai kama da tafireta, kwamfutar kuma tana zagayawa tana sauraron kowa na ɗan ƙanƙanin lokaci, cikin saurin da kowannensu zai zaci shi kaɗai take yi wa aiki.

Wanda yake nesa sai ya shiga ta layin tarho. A nan Davies ya hango matsala.

Tsarin tarho na wancan lokaci kamar ɗaukar shatar mota ne. Idan ka buga waya, ana keɓe maka layi tun daga gidanka har gidan wanda ka kira, kuma babu wanda zai yi amfani da shi har ka ajiye, ko kana magana ko ka yi shiru. Ga hirar mutum biyu wannan ya yi daidai, tunda in wannan bai yi magana ba wancan zai yi.

Mai aiki da kwamfuta ba haka yake ba. Zai buga layi ɗaya na rubutu, ya aika, ya karɓi amsa cikin ƙiftawar ido, sannan ya zauna yana tunani na minti ɗaya ko biyu. A duk tsawon wannan tunani layin na nan a riƙe, babu abin da ke wucewa, kuɗi kuma na tafiya. Ga shi haɗa kiran kansa kan ɗauki daƙiƙoƙi masu yawa, saboda haka ba zai yiwu mutum ya riƙa kashewa yana sake kira duk lokacin da zai aika layi ɗaya ba.

Akwai wani tsarin a ƙasa, na tangaraho. Shi ba a keɓe wa kowa layi. Saƙo kan isa tasha, a ajiye shi, in layi ya samu a tura shi tasha ta gaba. Illarsa ita ce dogon saƙo na tare hanya. Kamar a wurin injin niƙa ne: yaro ya zo da mudu ɗaya ya tarar da mai buhu goma a gabansa, dole ya jira har a gama.

A ƙarshen 1965 Davies ya rubuta mafitar da ya gano. A riƙe tsarin tangaraho na ajiyewa da turawa, amma a hana kowa aika dogon saƙo a dunƙule. A yanka kowane saƙo zuwa ƙananan ƙulli masu iyakantaccen girma, a kuma sa ƙananan kwamfutoci masu sauri a kowace mahaɗa su riƙa karanta adireshi suna turawa gaba. Ta haka mai buhu goma zai niƙa mudu ɗaya, ya matsa wa yaro, sannan ya dawo. Layi ɗaya zai ɗauki saƙonnin mutane da yawa a cakuɗe, shirun wani ya zama damar wani.

Yankawar tana da wata fa'ida da ba a saurin lura da ita. A ɗauka saƙo zai bi ta layuka uku kafin ya isa, kuma kowane layi na buƙatar daƙiƙa 10 kafin ya wuce da shi. In a dunƙule yake, kowace tasha sai ta karɓe shi duka kafin ta tura, ke nan daƙiƙa 30. In aka raba shi gida goma, da zarar yanki na farko ya isa tasha ta biyu sai ya wuce gaba, yayin da na biyu ke biye da shi. Duka goman za su isa cikin daƙiƙa 12. Layukan ba su ƙara sauri ba, kawai dai dukkansu uku suna aiki lokaci guda maimakon biyu su zauna jiran ɗaya.

Girman da ya zaɓa wa kowane ƙulli shi ne bit 1,024, wato abin da zai ɗauki kusan harafi 128. Sai kuma suna. Ya nemi kalma gajera da za ta shiga wasu harsuna ba tare da wahala ba, ya tsaya a kan kalmar Ingilishi ta ƙunshin kaya. Ita ce dai wadda Bahaushe ya daɗe da arowa yake cewa fakiti, irin na ashana ko na sukari.

Dabarar tana da nata farashi. Kowane fakiti sai ya ɗauki adireshi, wanda ƙarin nauyi ne. Wani kan ɓace a hanya, wani kan riga ɗan uwansa isa, wani kan makale a layin jira. Idan kana kira ta intanet ka ji murya na tsinkewa ko tana zuwa a makare, abin da ke faruwa ke nan. Amma ribar ta fi yawa nesa ba kusa ba, kuma tana nan a aljihun kowa: kiran waya na gargajiya da minti ake cajinsa saboda layi ake riƙe maka, data kuwa da megabait ake sayar da ita saboda abin da ka aika ko ka karɓa kaɗai ake ƙirgawa.

Ashe wani ya riga shi

A watan Maris na 1966 Davies ya gabatar da lacca a kan tsarin nasa. Bayan an tashi sai wani jami'i daga Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ya same shi ya shaida masa cewa akwai wani Ba'amurke da ya rubuta abu mai kama da wannan.

Mutumin shi ne Paul Baran, injiniya a cibiyar bincike ta RAND, wanda ya wallafa jerin rahotanni a 1964. Damuwar Baran daban ce. Lokacin Yaƙin Cacar Baki ne, kuma abin da yake nema shi ne hanyar sadarwar da za ta ci gaba da aiki ko da an kai wa Amurka harin nukiliya. Ya tsara hanya mai kama da raga, babu cibiya ɗaya da in an rusa ta komai zai tsaya, saƙo kuma a yanke, kowane yanki na neman hanyar da ta rage. Abin mamaki, shi ma bit 1,024 ya zaɓa. Kamfanin tarho na AT&T ya yi watsi da shawarar, aka jingine rahotannin.

Mutum biyu ke nan da ba su san juna ba, ɗaya yana tunanin yaƙi, ɗaya yana tunanin tsadar layi da saurin amsa, suka iso wuri ɗaya. Davies bai taɓa musun cewa Baran ya riga shi ba. Abin da ya bambanta nasa shi ne tun farko kwamfutoci da masu amfani da su ya sa a gaba. Ya yi hasashen mutane za su riƙa sayayya, su duba asusun banki, su nemi bayanai ta irin wannan hanya, a lokacin da mafi yawan 'yan Birtaniya ba su taɓa ganin kwamfuta da idonsu ba.

Gidan waya bai karɓa ba

A watan Yunin 1966 ya fitar da cikakken tsari na hanyar sadarwar da za ta game Birtaniya duka. A wannan shekarar kuma aka naɗa shi shugaban sashen kimiyyar kwamfuta na NPL, ya tara matasan injiniyoyi irin su Roger Scantlebury da Keith Bartlett da Peter Wilkinson da Derek Barber.

Sai dai a Birtaniya ta wancan lokaci Hukumar Gidan Waya ce kaɗai doka ta ba ikon shimfiɗa layukan sadarwa tsakanin garuruwa, irin tsarin da Najeriya ta gada a zamanin P&T da kuma NITEL daga baya. Hukumar ta saurari Davies, wasu injiniyoyinta ma sun nuna sha'awa, amma ba ta ga dalilin zuba kuɗi ba. Kasuwancinta kiran murya ne, kuma masu buƙatar aika bayanan kwamfuta ba su da yawa.

Za a iya yi wa hukumar uzuri, tunda abu ne da ba a taɓa gwadawa ba. Amma gwajin da Davies ke nema bai fi ƙarfin ƙasa kamar Birtaniya ba, kuma jinkirin ya kai kusan shekara goma. Sai a rabin ƙarshe na shekarun 1970 hukumar ta buɗe nata tsarin gwaji na fakiti.

Da ya ga haka sai ya gina abin da yake da iko a kai, wato hanyar sadarwa a cikin harabar NPL kaɗai. Ta fara aiki a 1969, ta kammalu a 1970, da layuka masu saurin bit dubu 768 a daƙiƙa, wanda babban sauri ne a lokacin. Sabon samfurinta ya yi wa ma'aikatan cibiyar aiki daga 1973 har 1986.

Kafin nan wani abu ya faru da ya sauya tarihi. A watan Oktoban 1967 aka yi taron masana kwamfuta a Gatlinburg da ke jihar Tennessee a Amurka. Scantlebury ne ya je ya gabatar da maƙalar tawagar NPL. A cikin masu sauraro akwai Larry Roberts, wanda hukumar bincike ta Ma'aikatar Tsaron Amurka, ARPA, ta ɗora wa aikin haɗa kwamfutocin jami'o'in da take ba kuɗi. Roberts yana da kuɗi da izini, amma bai gama warware yadda saƙo zai riƙa tafiya ba. A taron ya ji cikakken bayanin tsarin fakiti, a nan kuma Scantlebury ya ja hankalinsa ga rahotannin Baran da ke ajiye a ƙasarsa. Mutanen NPL sun kuma nuna masa cewa layukan da yake shirin amfani da su sun yi jinkiri, daga baya aka ɗaga saurin zuwa bit dubu 50 a daƙiƙa.

Bayan shekara biyu, a ranar 29 ga Oktoban 1969, saƙon farko ya bi ta ARPANET daga jami'ar UCLA zuwa cibiyar bincike ta Stanford. Hatta kwamfutar da aka sa a mahaɗun ARPANET, Honeywell 516, irinta ce NPL ta yi amfani da ita. Daga ARPANET ne intanet ta tsiro.

Wata damar ta sake zuwa a farkon shekarun 1970, lokacin da Roberts ya nemi a haɗa ARPANET da NPL. Gwamnatin Birtaniya a lokacin ta duƙufa wajen neman shiga Ƙungiyar Kasuwar Turai, hankalinta na kan haɗin gwiwa da ƙasashen Turai, sai maganar ta bi ruwa. Jami'ar UCL ta Landan ce ta samu haɗin a 1973.

Matsalar cunkoso

Davies bai zauna yana cizon yatsa ba. Tunda ba shi da babbar hanyar da zai yi gwaji a kai, sai tawagarsa ta koma kwaikwayon manyan hanyoyi a cikin kwamfuta, don a ga yadda za su kasance idan lodi ya yi yawa.

Abin da suka gano yana da tayar da hankali. A tsarin tarho, in layuka suka cika sai a hana sabon mai kira shiga, waɗanda ke ciki su ci gaba da hirarsu. A tsarin fakiti babu mai gadin ƙofa. Kowa na zuba nasa, layukan jira a mahaɗu su cika, a fara zubar da fakiti, masu aikawa su sake turo waɗanda suka ɓace, cunkoson ya ƙaru. Ana iya kaiwa matakin da hanya ke cike maƙil amma kusan babu saƙon da ke isa, kamar shataletalen da motoci suka kulle juna.

Maganin da ya kawo shi ne a ƙayyade adadin takardun izini da ke yawo a cikin hanyar. Fakiti ba zai shiga ba sai ya samu izini guda, in ya isa kuma ya sake shi don wani ya ɗauka. Ta haka yawan abin da ke cikin hanya ba zai taɓa wuce iyaka ba. Ba a ɗauki wannan tsari a intanet ba, domin yana da wuyar sarrafawa a hanyar da ba ta da shugaba ɗaya. Amma abin da ya hango ya faru. A watan Oktoban 1986 cunkoso ya durƙusar da intanet ta farko, har saurin wani layi a Berkeley ya faɗo daga bit dubu 32 zuwa bit 40 a daƙiƙa. Sai da Van Jacobson ya fito da gyara, inda kowace kwamfuta ke rage saurin aikawa da kanta da zarar ta ga fakitinta na ɓacewa.

A 1973 Davies da Barber suka wallafa Communication Networks for Computers, ɗaya daga cikin littattafan farko da aka koyar da wannan fanni da su. A shekara ta gaba, da Vint Cerf da Bob Kahn suka fitar da maƙalar da ta haifar da ƙa'idojin TCP/IP da intanet ke aiki da su a yau, sun ambaci Davies da Scantlebury cikin waɗanda suka gode wa.

Daga sadarwa zuwa tsaro

A 1979 ya ajiye shugabancin sashe ya koma bincike, wannan karon a kan tsaron bayanai. Ya lura cewa in har kuɗi za su riƙa tafiya ta waya, to ɓarayi ma za su biyo su. Ya yi aiki a kan ɓoye saƙo da kuma katunan da ke ɗauke da ƙaramar kwamfuta a jikinsu, dangin katin ATM na yau. Akwai wata hanyar gwada ƙarfin tsarin ɓoye saƙo na DES da har yanzu ake kira da sunansa. A 1984 ya fitar da littafi kan tsaron hanyoyin sadarwa tare da Wyn Price, a shekarar kuma ya yi ritaya ya zama mai ba bankuna shawara. A lokacin hutunsa yakan nazarci na'urorin ɓoye saƙo da sojojin Jamus suka yi amfani da su a Yaƙin Duniya na Biyu.

Birtaniya ta ba shi lambar girmamawa ta CBE a 1983, aka kuma zaɓe shi cikin ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Royal Society a 1987.

A shekarun 1990, da intanet ta shiga gidajen jama'a, sai aka fara neman wanda za a kira ubanta. Leonard Kleinrock na UCLA, wanda ya yi muhimmin aikin lissafi a kan layukan jira a farkon shekarun 1960, kuma a ɗakin bincikensa aka aika saƙon farko na ARPANET, ya fito ya ce shi ne tushen tsarin fakiti. Roberts ya mara masa baya.

Davies, wanda ya shafe shekara 30 bai yi jayayya da kowa a kan suna ba, ya ɗauko rubuce-rubucen Kleinrock na wancan lokaci ya bi su shafi-shafi, kamar yadda ya yi wa na Turing yana saurayi. A lokacin yana fama da ciwon daji. Ya rubuta maƙala inda ya yaba wa lissafin Kleinrock, amma ya ce bai ga shaidar dabarar yanka saƙo zuwa fakiti a cikin aikin ba. Masana tarihin intanet da dama sun karkata ga ra'ayinsa, suna danganta ƙirƙirar ga shi da Baran, kowa a nasa ɓangaren.

Ya mutu a ranar 28 ga Mayun 2000 a Esher da ke kudancin Ingila, kwana goma kafin ya cika shekara 76. Maƙalar ta fito a mujallar The Computer Journal a 2001. A 2012, da aka buɗe zauren karrama waɗanda suka gina intanet, sunansa da na Baran da na Kleinrock duk suna cikin rukunin farko.